Buhu Tara na Riɗi

Ihsan, kin ce kin gama, har kin ɗaure shi da zare,
kina tambayar hanyar maɗaba'a.
Zauna tukuna. Jawo tabarmar nan inuwa.
Rijiyar da kike leƙe, ni na kwana a cikinta.

Shekarar da riɗi ya yi albarka a Gadarif
buhu tara na kai kasuwa,
na ƙulle kuɗin a ƙugu, na hau motar Wad Madani.
Dafa'alla mai injin ba ya jin Hausa, ko ta roƙon ruwa.
Ya dubi ajamina, ya ce Larabci ne ya sha rana.
Ya kwashe wasulla kaf, wai suna cin tawada,
ni kuwa ina sauri, na ce to.
Da littafi ya fito,
gida da gada da guda
duk sun zama abu guda.
Don haka ki tare a gefen mai tsara haruffa kamar mai jinya.
Ki karanta sau uku, ki ba wanda ba ya sonki ya ƙara.

Ya ce dubu ta fi araha. Na buga dubu.
Leƙa ƙarƙashin gadon can.
A garin nan kaf babu mai karanta ni kamar gara,
ta fara daga bango, ba ta tsallake ko shafi.
Buga ɗari. In sun ƙare kya koma,
hanyar Madani ba ta ƙaura.

Dangi za su zo da barka da hannu buɗe.
Ki ba gwaggonki ɗaya, sauran ki faɗi kuɗi
ko da muryarki na rawa.
Abin da aka samu a banza, da shi ake fifita wuta.

Mai kantin littattafai ya karɓi ashirin, sai an sayar.
Bayan shekara ya miƙo mini sha tara.
Na yi murna, na ce wa ya saya?
Ya nuna ƙafar teburinsa.

Bakhita mai shayi ce ta fisshe ni, a bakin tasha.
Ta ce, malam, kayanka ba su da ƙamshi,
ni citta ke yi mini kira.
Ta ba ni kujera bayan magariba
sa'ad da masu yankan riɗi ke dawowa da lauje a kafaɗa.
Na karanta musu da ƙarfi.
Daidai inda jirgin ya fara shan ruwa a tsakiyar kogi
sai na rufe, na kurɓi shayina.
Wani ɗan Sinnar ya ce, to sai me?
Na ce, kuɗin kwano biyu na wake.
Daren nan bakwai suka tafi.

Daga nan direbobi suka ɗauka,
biyar zuwa Mairuno, goma zuwa Damazin,
na goma sha ɗaya nasu ne, ladan taya.
Ke da ke da waya, karanta shafi ɗaya ki tura,
murya na shiga gidan da takarda ba ta san ƙofarsa ba.
Ki sa lambarki a bayan bango. Ni na manta.

Kina so ki ji ko buhu taran sun dawo.
Shida.
Amma ran wata Laraba a kasuwar Mairuno
na ji mai gyaran keke yana ja wa yaronsa baitina,
bai san ni ba, kuma ya canza kalma ɗaya.
Na tsaya zan gyara masa,
sai na ji tasa ta fi tawa zama.

Miƙo in gani.
Wannan gabatarwar, shafi huɗu?
Yanke ta. Fara daga inda matar ta ɓatar da makulli.