Mai Ƙidayar Kwaɗi

Sunana Paye. Aikina ƙidaya.
Tun katafila ba ta farka ba
nake hawa Nimba da bokiti da littafi,
gajimare na lasar gwiwoyina,
in durƙusa cikin ciyawa kamar wanda ya yar da allura.

Kwaɗon nan bai fi farcen babban yatsa ba.
Ba ya ƙwai. Haihuwa yake irin tamu,
wata tara cur.
Kakata Yei ta hana mu taka shi,
ta ce duk wanda ya san naƙuda dangi ne.

Kamfani ya ce a kwashe su zuwa wancan tudun,
wai ai dutse dutse ne.
Na yi shiru. Kuɗin makarantar Kou na kaina,
kuma shinkafa ba ta tsirowa a bakin mai gardama.

Shekarar da na fara, shafi uku nake cikawa kafin hantsi.
Bara, ɗaya.
Bana ina juya duwatsu ina ba su haƙuri.

Ƙoramar da muke sha ta koma jar kanwa.
Birai sun bar fasa ƙwara a gindin kurmi,
duwatsun fashinsu na nan a ajiye
kamar turmin gidan da aka yi ƙaura.
Jemagu ma, da nakiya ta girgiza kogonsu,
suka fito da rana tsaka, suna karo da hasken.
Furen da ke fitowa a tsagar dutse, wanda ban san sunansa ba,
ya tafi ban tambaya ba.

Ran Laraba na ɗauki wata, cikinta tim.
Ta lafe a tafina, sanyi kamar ganyen asuba,
sai ta fara.
Ɗaya. Biyu. Ƙanana kamar ƙwayar shinkafa,
kowanne da ƙafafunsa huɗu, a shirye,
yana neman dutsen da aka yi masa alkawari.
Ni da ban taɓa zama ungozoma ba
na tsaya da hannu a buɗe har ya sage.
Bakwai.

Takardar kamfani gurbi ɗaya gare ta: adadi.
Babu gurbin uwa.
Babu gurbin inda za su.

Can ƙasa jiniya ta yi kuka, saura minti goma.
Na sa su a bokiti, na rufa da ciyawa mai raɓa,
na gangara ina tafiyar mai ɗauke da ruwa.
A hanya na ƙwanƙwasa gefen bokitin.
Ƙarfe ne.
Wa ya san dutsen wa aka rushe aka ƙera shi,
wa ya durƙusa a can yana ƙidaya?

Ƙasa ta motsa a bayana.
Ban waiwaya ba.
Da dare Kou ta ce, Baba, nawa yau?
Na ce takwas.
Ta ce, da yawa ne?
Na ce ci tuwonki.