Gādon Yaya Haladu

Yaya Haladu ya rasu ranar Laraba.
Bayan arba'in aka zauna rabo.
Bindiga ta koma hannun hukuma da takardarta,
keke ya bi ɗansa zuwa Giwa,
ni kuwa aka miƙo mini igiya.
A ƙarshen igiyar, kare,
ja kamar ƙasar gini, tsayinsa har ƙuguna,
kunnuwa sun zubo kamar ganyen taba a shanya.
Sunansa Garaje.
Wanda ya raɗa masa sunan bai yi ƙarya ba.

Shekara uku likitan Shika yana cewa,
"Malam Tanimu, suga ba ya jin magani kaɗai, ka riƙa tattaki."
Ina cewa to, ina komawa tabarma.
Abin da likita ya kasa da takarda,
Garaje ya yi shi da farce a ƙyauren langalanga.
Ina sallame asuba yana ihu,
sai mu ɗauki hanyar Kubanni,
shi a gaba, ni a baya,
har masu kai tumatir kasuwa suna tambaya
tsakaninmu wa ke jan wani.

Fanshona ya san shi.
Ƙashi da huhu daga Ɗangana mahauci a Sabon Gari,
ƙanzon tukunyar Uwale, da tuwon masara malmala huɗu.
Allurar hauka a asibitin dabbobi na Samaru,
ɗalibai uku suka danne shi, ya lashe na huɗun.
Da damina kaska,
ina zaune da tsinke da gwangwanin kananzir
ina bin bayan kunnensa ɗaya bayan ɗaya,
aikin da ban taɓa yi wa kaina tsammani ba.

Ya cinye takalmin Juma'ata, ƙafar hagu.
Ya tone yakuwar Uwale har saiwa.
Ranar da ruwa ya hana mu fita
ya zagaya mangwaron tsakar gida
sai da ya fitar da hanya.

Malam Shu'aibu maƙwabci ya yi sallama,
ya ce kare a gida, anya?
Na ce na farauta ne, Malam,
akurkinsa na bayan gida, kwanonsa daban.
Ya ce, "Yaushe rabonka da farauta?"
Ban da amsa. Na ba shi goro.
Mako biyu bayan nan ɗan agwagwarsa ya faɗa kwalbati,
Garaje ya shiga, ya fito da shi a baki,
ya ajiye a gabanmu,
ko gashi ɗaya bai karye ba.
Malam ya duba, ya juya, ya sake dubawa.
Bai ce komai ba,
amma ran Sallah ƙafar rago ta ƙetaro katanga.

Abu ɗaya ne har yau ban saba da shi ba.
In tayar tirela ta fashe can Kwangila,
ko yara suka kunna abin ƙara,
sai ya tsaya cak,
ƙafa ɗaya a ɗage, wutsiya miƙe,
ido a sama,
yana jiran dinya ta faɗo.
Ba ta faɗowa.
Sai ya waiwayo yana neman mai hular saƙi,
mai fito sau biyu,
ya tarar da ni, tsoho da sanda da carbi.

Ni ban iya fiton ba. Na gwada, iska ce kawai.
Sai in sunkuya, gwiwa tana ƙara,
in tsinci totuwa a gefen gona
in wurga iya ƙarfina cikin ruwa.
Ya faɗa, ya yi iyo, ya dawo yana ɗiga,
ya sa mini ita a tafin hannu a hankali,
kamar akwai sauran rai a jikinta.

In karɓa.
Ya girgije ruwan a kan wandona,
in koma gida in sake wani kafin azahar.