Daga Ɓangaren Dutse

Shekara talatin da huɗu ina tsugune a titunan Lisbon,
farin dutse a tafin hagu, guduma a dama.
In sare masa kunne, in dasa shi cikin yashi,
in jera baƙi a gefensa
har igiyar teku ta fito a ƙarƙashin takalman mutane.
Suna taka aikina, ba su san sunana ba.
Gervásio. Ban taɓa jin haushi ba.

Gwiwar hannu ce ta fara yi min tawaye.
Da fari cizon cinnaka ne,
daga baya ta hana ni murɗa makulli,
ta hana ni ɗaga kofin gahawa a shagon Amílcar
sai na tallabo da hagu, kamar yaron goye.
Na sha ƙwaya har cikina ya ɗauki zafi.
Allura biyu aka yi min. Ciwon ya yi balaguro wata uku,
ya dawo da kayansa, bai ko yi sallama ba.
Wata goma sha tara. Odete ce mai ƙirga,
don ita ke yanka min burodi.

Ranar Talata, hawa na uku, ɗaki mai ƙamshin sabulu.
Likitar sa'ar 'yata ce, Benedita.
Ta danna da babban yatsa, ta matsa, ta danna,
har ta taka wutsiyar ciwon, na zabura.
"Nan ne." Ta ɗiga alama da biro,
ta shafa wani mai, sanyinsa kamar kogin Tejo a Janairu,
ta jawo na'ura mai baki irin na turmi.
"Za ta buga sau dubu biyu."
Na ce, wa?
Ta ce, "Kai."

Tak tak tak tak tak.

Na san wannan sauti.
Shi na ci, shi na sha,
shi ya biya wa Duarte kuɗin makaranta.
Ban dai taɓa jin sa daga ɓangaren dutse ba.
Na cije leɓe, na kafa wa silin ido,
na ƙirga ɗari uku, lissafi ya kuɓuce.

Tana bugu tana magana:
jijiyar ta gaji da gyaran kanta,
ta bar aiki a rabi, kamar ɗan kwangilar da aka hana kuɗinsa.
Jiki ya manta da wurin.
Wannan ƙwanƙwasa ƙofa ce,
jini ya farka, ya zo ya ga ɓarna.
Na ce, mu ma in daɓe ya lotsa ba lallashinsa muke ba,
tonewa muke, mu sake jeri.
Ta yi dariya, hannunta bai tsaya ba.

"Ba na maka alkawari.
Wasu na samun sauƙi, wasu sai mun sake dabara.
Ka bar maganin kumburi. Ka bar guduma."
Ta biyun ta fi min ɗaci.

Talata ta biyu, na fito ina zagin matakala.
Ta uku, wurin ya yi ja, ya kwana yana zuga.
Ta huɗu, babu labari.
Na ce wa Odete an sayar mana da ƙara kawai.
Ta ce, ka je ta biyar, ai an riga an biya.

Ban san ranar da ya fara janyewa ba.
Amílcar ne ya gani, wata safiya ana yayyafi.
Ya daina goge tebur, ya nuna ni da tsumma:
kofi a dama, hagu na cikin aljihu
tana laluben canji.
Bai tafi duka ba, yana nan a lungu
kamar karen da aka tsawata wa.

A hanyar gida, kusa da layin tarago,
na ga dutse ɗaya ya fita daga sahu.
Aikina ne, na gane saran.
Na tsuguna, na share masa gurbi da yatsa,
na mayar da shi,
na danna a hankali da tafin hannu.