Turke Goma Sha Ɗaya

A bayan Kwarbai, in ka bi lungun marina,
akwai bargar da kakana Barau
ya share shekara talatin yana shara.
Turke goma sha biyu ya bari.
Jiya na ƙirga, ɗaya ya tafi murhun wani.

Gara ta ci azara har ta gaji.
Damina uku indararo bai ce uffan ba,
ruwa ya sami hanyarsa ta tsakar soro.
A komin da ake jiƙa dusa da kanwa
kazar maƙwabta ce ke kwanci,
jemagu sun raba gadon rufi ba alƙali.

Amma tsaya bayan la'asar, ka yi shiru.
Bangon gabas bai manta ƙanshin harawa ba,
ga gurbin da wani akawal
ya goge da kafaɗa, sumul kamar tafin hannu.

Dillali ya zo da igiyar awo,
wai shago takwas za su fita.
Ɗaliban Samaru sun zana bakan gizon,
sun ɗauki hoto, sun tafi.

Sai Ɗalhatu mai surfani, da kuɗin haya ya koro,
ya dubi hasken da ke zubowa ta tsaga,
ya ce, "Nan allura za ta ga hanya."
Ya tambayi farashin makuba da azara ashirin.

Ban ba shi amsa ba tukuna.
Na dai ari tsintsiya,
na soma daga turken ƙofa,
inda tsohon yake somawa.