Kifin Kwali da Kifin Gaɓa

Jikana Zakiru ya zo hutu daga Gombe
da sabuwar ƙugiya a cikin leda.
Ya ce, "Kaka, taitus za mu kamo,
mai zanen baƙi a gadon baya,
irin wanda Mama ke soyawa."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Yaro, wannan ai kifin kwali ne,
ɗan ruwan gishiri, baƙon mota,
ƙanƙara ta yi masa likkafani
tun bai ji sunan Dadin Kowa ba.
Ban taɓa ganin teku ba, ba zan yi maka ƙarya ba,
amma ruwan nan da ke gabanka
na san shi tun yana kogi,
tun ba a ɗaure masa ƙugu da siminti ba,
tun yana cinye gonar mutum ya wuce abinsa
ba sallama, ba waiwayowa.

To, cire takalmin. Zauna.

In karfasa kake so, sammako za ka yi,
ana sallame asuba kana kan hanya,
lokacin da ruwa ke tururi kamar tukunyar koko.
Kada ka je inda ake wanki,
sabulu da surutu sun kore ta.
Bi ta bayan gonar albasar Maikano
har gindin itacen da ruwa ya ci rabinsa,
inda ciyawa ta durƙusa tana sha.
Nan take kiwo. Ɗan ƙullin dusa ya ishe ta,
ba ta da girman kai wajen haɗiyewa.

Tarwaɗa kuwa ɓarauniya ce, sai dare.
Bari hadari ya sauke, rafi ya kawo jan ruwa,
ka nemi bakin da yake zuba a babban ruwa,
ka sa mata tana, ko hanjin kaza mai ɗan wari,
ka kafa sandar a laka, ka yi tsit.
Za ta taɓa, ta saki, ta sake taɓawa.
Kada ka fizga. Ni na yi shekara goma ina fizga
kafin hannuna ya koyi dakatawa.

Ranar da shinge ya fito bayan ruwan farko
ko'ina wuri ne, ko da ido rufe ka jefa za ka samu.
Tsakar rana kuwa, sai dai ka wanke tanarka
ka ba 'yan kawara sadaka.
Kurungu in ya zo, yi hattara da ƙayarsa.
Ga tabonta nan a babban yatsana,
ya girmi mahaifiyarka, kuma bai fasa gaishe ni ba
duk sanda sanyi ke shigowa.

Giwan ruwa? Sau ɗaya. Can wajen duwatsu.
Ya ja, na ja, ya tafi da zaren, ruwa ya tafi da hulata.
Bappa Tela ya ce kututture ne na kama.
Ya rasu bai yarda ba, Allah ya jiƙansa,
ni ma ban janye ba, ba kuma na janyewa.

Washegari muka fita da raɓa.
Yaron ya zauna ƙafa na rawa,
sau uku yana tambayata ƙarfe nawa.
Sai totuwar ta yi ƙasa.
Na ga hannunsa zai fizga, na ga ya tuna,
ya ƙirga numfashi biyu yana cizon leɓe,
sannan ya ɗaga.

Karfasa ce, ba ta fi tafin hannunsa ba.
Ihun da ya yi ya kori har kifin gobe.
Muka gasa ta a wutar kara, gishiri da yaji kawai.
Ya ce ƙaya ta yi yawa, taitus ya fi tsoka.
Na ce gaskiya ne.
Ya tsotse kan, ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya,
ya ce, "Kaka, gobe ka tashe ni da kanka.
Tun ruwan bai fara tururin nan ba nake son zuwa."