Warin Takalmi

Na sayi tikiti biyu, na ɓoye hankici a jaka,
don na san uwata, Tuyet.
Shekara arba'in tana Footscray,
ba ta taɓa yarda an kai ta bakin teku ba.
Ko kifi ta sayo, sai ta juya kansa ya dubi bango.

Na ce, "Wasan kwaikwayo ne, Mama, wai na ban dariya."
Ta ce, "Dariya? Da mutanen kwalekwale?"
Ta ɗauko rigar da take zuwa jana'iza da ita.

Fitilu suka mutu.
Ga sansani an kafa da kwali da tsohon buhu,
ga layin ruwa, kowa da bokitinsa,
ga wani siririn saurayi mai wuyan zalɓe
yana rantse wa budurwa shi likitan haƙori ne a Saigon,
alhali ko filaya bai iya riƙewa ba.
Duk dukiyarsa gwangwanin kifi guda,
ya goge shi da gefen riga har yana ƙyalli,
ya durƙusa ya miƙa.

Turawan da ke gabanmu sun zo da fuskar ta'aziyya.
Sun yi tsit, hannu a ƙirji,
suna jiran a ba su izinin kuka.

Sai na ji wata ƙara a gefena,
kamar ƙyauren da ya shekara ba a buɗe ba.
Na lalubo hankici.
Ashe dariya ce.
Uwata ce ta dafe ciki, tana dukan gwiwata.

"Ƙarya ne!" ta ce da ƙarfi, da harshenmu,
"Gwangwanin bai kai haka girma ba!"
Wani tsoho can baya ya amsa,
"Kuma ba a ba mu mabuɗi!"
Rabin ɗakin ya fashe,
ɗaya rabin yana waige-waige.
Shi kansa ɗan wasan ya ciji leɓe,
abin da ya haddace ya gudu ya bar shi.

Da aka ba da hutu, tana shan shayi a tsaye,
ta ce, ba ta ko dube ni ba,
"Ubanki Phuoc ya fi wannan rashin kunya.
Warin takalmina ya sace a bakin rijiya,
don in bi bukka-bukka ina cigiya.
Kwana uku ina ɗingishi a kan yashi mai zafi.
Da na kama shi, wai tsinta ya yi,
wai in ba shi tukuici."
"Me kika ba shi?"
"Ɗaya warin. A tsakiyar ka."

Ni da na girma ina zaton
daga shiru da ruwan gishiri aka yi ni.
Shi ma har ya kwanta dama bai ce uffan ba.

Kwana goma sha tara a kan ruwa,
har yau ba ta ba ni labarinsu ba.
Ƙanwarta da ba a kiran sunanta a gidanmu,
ita ma ba ta zo bakinta ba.
Takalmi kawai ta miƙo mini,
na kuwa karɓa hannu bibbiyu.

A jirgin komawa gida tana ta mita,
wai yarinyar ba ta iya ɗaura zane ba,
wai ruwan sansani bai taɓa zama fari haka ba.
Sai ta ga hankicin a hannuna, sharkaf.
Ta ce, "Ke kuma me aka yi miki, Diem?
Ai sun yi aure a ƙarshe."