Daren Suna a Kwarbai

Kwana shida ke nan da dawowarmu daga Shika,
su biyu a zani ɗaya, ruwan marka na bin bayanmu.
Raguna na ɗaure a gindin durumi,
goro ya kai har Tudun Jukun,
suna ne kawai bai iso ba.

Liman zai raɗa Hasan da Usaina, ba gardama,
haka aka raɗa wa na gidan ƙasa da na gidan sama.
Ni na kira nake nema,
wanda in an ƙwala shi daga zaure
yaro ɗaya tak zai waiwayo a unguwa.

Saude ta kunna waya tana karanto mini
sunaye masu santsi kamar sabulun kanti.
Na ce, waɗannan ba su san hanyar Ƙofar Gayan ba.
Ta ce, to je ka tono naka a kushewa.
Na soke allura a wuyan rigar da nake wa aska takwas,
na fita.

Iya ta Rimin Tsiwa, yayar kakata,
na same ta tana ɓarar gyaɗa a duhu,
idonta ya daɗe da sallamar fitila.
Ta ce, ɗan nan, sunan da ba a zaɓensa,
tarar da shi ake yi a bakin ƙofa.
Nomau, ana huɗa ya faɗo.
Cindo ya zo da yatsa na shida.
Shekarau ya ƙi fita sai da gero ya sake nuna.
Duk sunan da ta kira sai ta jefa ƙwaya a ƙwarya,
can na gane matattunta take ƙirgawa.

Naku me suka tarar?
Na ce, shekara tara muna jira, Iya,
har maƙwabta sun gaji da tambaya.
Ta ce, namijin Tunau ne. An manta ku, aka tuna.
Na ce, macen Tune ke nan?
Ta ja tsaki: 'ya'ya ne ko takalmi,
da za ka yi musu hagu da dama?

Shiru. Kwaɗi suka karɓe hirar.

Sai ta ce, uwata ta binne huɗu kafin ni.
Da na zo ta ce Ayashe, a yar da ita can,
don mutuwa ta zaci ba a so na.
Ta kuwa zata.
Ga ni, haƙori biyu, na goyi jikan jika.
Masu kirana da shi duk sun riga ni,
saura Iya, Iya,
kamar ba a taɓa yanka mini rago ba.

Na biyo ta bakin ganuwa, ruwa ya ɗauke,
taɓo ya ci mini silifa ɗaya.

Saude ta ce, Ayashe? 'Yar da na yi shekara tara ina roƙo?
Ta tauna sunan kamar ɗanyen goro,
ta yamutse fuska,
ta daɗe,
ta duba ƙaramar tana barci da hannu a kunnen ɗan'uwanta.

Ta ce, da asuba ka samo Keke ka ɗauko Iya.
A shimfiɗa mata tabarma kusa da ni.
In an kira sunan,
ina so in ga wadda za ta fara amsawa.